Ciwon Hannu a Gidan Masu Kuɗi: Yadda Dodgers Ta Lallaɓa Farkon Kakar 2025 da Ƙarancin Masu Jifa

A daren 2 ga Afrilun 2025, Shohei Ohtani ya shigo a zagaye na tara ana kunnen doki da Atlanta Braves, ya narka wa ƙwallo sanda ta tsallake katanga, wasa ya tashi. Nasara ta takwas ke nan a jere ga Los Angeles Dodgers, kuma a tarihin babbar gasar besbol ta Amurka ba a taɓa samun mai riƙe da kambu da ya buɗe kaka da irin wannan ƙafar dama ba. Biyun farko ma a Tokyo aka yi su, ranakun 18 da 19 ga Maris, inda suka doke Chicago Cubs a gaban 'yan ƙasar Ohtani. Tun kafin a fara kakar wasu masu sharhi ke cewa wannan tawaga za ta iya karya tarihin nasara 116 da Seattle Mariners ta kafa a 2001, wadda ita ma ta kamo Cubs ta 1906 ne.

Kwana goma bayan haka, ranar 12 ga Afrilu, Cubs ɗin nan ta zo har gida ta lallasa su da ci 16 da nema. Abin ya kai ga koci Dave Roberts ya miƙa ƙwallo ga Miguel Rojas, wanda aikinsa tsaron fili ne ba jifa ba, ya ce ya ƙarasa. Rojas ya hau tudu yana kwaikwayon salon jifan abokan wasansa, 'yan kallo na ta dariya. Amma fa dariyar ta ciwo ce. Maki ɗaya tak aka ci a hannun wanda ya buɗe wasan. Ragowar goma sha biyar duk a hannun waɗanda suka karɓe shi suka zubo.

Muna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Besbol ba ta san wannan karin maganar ba. Duka darare biyun nan, na takwas a jere da na sha shida da nema, babu wanda ya faɗi gaskiyar ƙungiyar. Gaskiyar tana wani wuri da allon maki ba ya nunawa, wato ɗakin jinya.

Ga wanda ƙwallon ƙafa ya saba da ita, bari a ɗan warware yadda lissafin yake, don in ba a gane shi ba ba za a ga dalilin da ya sa ciwon kafaɗar mutum ɗaya ke hana birni guda barci ba. Kowace ƙungiya cikin talatin ɗin gasar tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Kowane wasa zagaye tara ne, kuma a kowane zagaye sai ka kori masu bugu uku na abokan hamayya kafin a ba ka sanda. Komai yana farawa ne daga mai jifa, wanda ke tsayawa a kan wani ɗan tudu mai tazarar mita 18 da ɗoriya daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo da gudun da kan haura kilomita 150 a sa'a. Ninka 162 sau tara, za ka samu zagaye 1,458. Wannan shi ne kayan da dole a ɗauka kowace shekara, ko da lafiya ko babu.

Su wa za su ɗauka? Doka ta ba ƙungiya 'yan wasa 26 a lokaci guda, kuma masu jifa ba za su wuce goma sha uku ba. Bisa al'ada biyar daga ciki su ne masu buɗe wasa, suna karɓa-karɓa, kowa ya yi jifa kusan ɗari a ranarsa sannan ya huta kwana huɗu ko biyar. Sauran takwas ɗin su ne 'yan karɓa, waɗanda ke jira a wani keɓaɓɓen wuri a gefen fili, a kira su su yi zagaye ɗaya ko biyu. Idan mai buɗewa na kai zagaye shida a kowane wasa, abin da zai rage wa 'yan karɓa a shekara bai kai zagaye 500 ba. Idan kuwa yana sauka a na huɗu ko na biyar, kayansu ya doshi 700. Mutanen nan takwas ne dai, hannuwan nan ne dai. Abin da ya sa rashin mai buɗewa ɗaya ba giɓi ɗaya ba ne. Bashi ne da ake rarraba wa kowa, kuma ba a watan da aka ci shi ake biya ba.

To Dodgers ta shiga 2025 da jerin masu buɗewa da ya fi kama da baje kolin dukiya. Akwai Yoshinobu Yamamoto, wanda aka ba kwantiragin shekara 12 kan dala miliyan 325. Akwai Blake Snell, mai lambar gwarzon masu jifa ta Cy Young har biyu, a 2018 da 2023, da aka ɗauko kan dala miliyan 182 na shekara biyar. Akwai Tyler Glasnow, dogon nan mai dala miliyan 136.5. Ga Roki Sasaki, matashi ɗan shekara 23 da kusan kowace ƙungiya ta yi zawarcinsa, wanda a Afrilun 2022 ya buga wasan da ko mutum ɗaya bai taka tasha ba (tashoshin nan huɗu da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki) a gasar Japan, ya kori goma sha tara da jifa. A bayan layi kuma Clayton Kershaw na murmurewa daga aikin gwiwa da yatsan ƙafa, shi kuma Ohtani, mai dala miliyan 700, yana bugu kawai yana jiran gwiwar hannunsa da aka yi wa aiki a Satumban 2023 ta gama warkewa.

Snell wasa biyu ya buga kafaɗa ta kumbura, aka kwantar da shi a farkon Afrilu. Glasnow ya fita daga wasa da Pittsburgh Pirates ranar 27 ga Afrilu bayan zagaye ɗaya, shi ma kafaɗa. Blake Treinen, dattijon 'yan karɓa da ya riƙe su a gasar ƙarshe ta 2024, wato wasannin neman kofi na Oktoba, ya bi sahu a watan da ciwon hannu. Evan Phillips ya dawo na ɗan lokaci, gwiwar hannu ta ƙi, aka kai shi tiyata. Tony Gonsolin ya dawo daga doguwar jinya a ƙarshen Afrilu, kafin tsakiyar Yuni ya koma. Gavin Stone da River Ryan kuwa tun 2024 aka san ba za a gan su ba. An kai lokacin da masu jifan da ke kwance sun fi goma, wato ana iya haɗa tawaga sukutum daga ɗakin jinya.

Labarin Sasaki ya fi sauran taɓa zuciya, don shi ba tsohon ciwo aka saya ba, alƙawari aka saya. A wasansa na farko a Tokyo ya taɓa mil ɗari a sa'a, amma ya kasa saita hannu: mutum biyar ya bai wa tafiya kyauta zuwa tashar farko cikin zagaye uku. A wasansa na farko a Los Angeles, da Detroit Tigers, bai gama zagaye na biyu ba aka cire shi, kyamarori suka kamo shi a benci idanu sun kaɗa. Daga nan gudun ƙwallonsa ya yi ta raguwa, abin da a wannan sana'a ya fi kowace alama tayar da hankali. Zuwa tsakiyar Mayu aka ce kafaɗarsa ta dama ce ke matsewa. Ya tafi jinya da wasa takwas, zagaye 34 da ɗoriya, tafiya kyauta 22, da matsakaicin maki 4.72. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ma'aunin da aka fi auna mai jifa da shi: makin da za a ci a hannunsa da zai yi cikakken zagaye tara. Ƙasa da uku gwaninta ce, kusa da biyar kuwa abin damuwa.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi game da 'yan Japan ɗin nan. A gasarsu mai buɗewa sau ɗaya yake hawa tudu a mako, ƙwallonsu ma ta ɗan bambanta da ta Amurka a hannu, kuma ba su da tafiye-tafiye masu tsawon na Amurka. Don haka Dodgers ta ɗauki al'adar ba Yamamoto da Sasaki ƙarin hutu. Hikima ce, amma tana nufin kana bukatar masu buɗewa shida a lokacin da ko huɗu ba ka da su.

Wa ya biya? Yaran da ba a rubuta sunayensu a allunan talla ba. Ben Casparius da Jack Dreyer, sababbin shiga, su suka riƙa cike ramuka, yau zagaye biyu, jibi uku. Landon Knack, Justin Wrobleski da Matt Sauer suka zama 'yan zirga-zirga tsakanin Los Angeles da ƙaramar ƙungiyar renon da ke Oklahoma City: a kira ka yau, ka yi jifa har hannu ya yi sanyi, gobe a mayar da kai a ɗauko wani mai sabon hannu. Wasu ranakun ma babu mai buɗewa kwata-kwata, sai a jera 'yan karɓa shida ko bakwai su yayyanka wasan a tsakaninsu. A watannin farkon nan, 'yan karɓar Dodgers suna cikin waɗanda suka fi kowa ɗaukar zagaye a gasar baki ɗaya, abin da ba a saba gani ba ga ƙungiyar da ke saman rukuninta.

Kuma suna saman ne. Nan ne abin ke rikita mai kallo daga nesa. Sanduna sun rufa asiri. Ohtani ya tsallakar da ƙwallo goma sha biyar a Mayu kaɗai, Freddie Freeman da Will Smith na bugu kamar ba gobe, ranar 31 ga Mayu ma sun casa New York Yankees 18 da 2. Yamamoto shi kaɗai ya tsaya kamar ginshiƙi, kowane mako sai ya fito. A farkon Yuli suna gaban rukunin yamma na National League, ɗaya daga ɓangarori biyu na gasar, da tazarar wasa tara. Wanda ya ce akwai matsala a lokacin, sai a ce masa baƙin ciki ne.

Sai bashi ya zo. Ranar 4 ga Yuli Houston Astros ta ba su 18 da 1, suka jera rashin nasara bakwai. Tazarar wasa tara ta narke, har a tsakiyar Agusta San Diego Padres ta hau gabansu na ɗan lokaci, bayan maƙwabtansu Los Angeles Angels, waɗanda ba su da wani kataɓus a kakar, sun cinye duka wasanni shidan da suka haɗu. Gaskiya ne cewa a lokacin sandunan ma sun yi sanyi, don haka ba duka laifin ke kan masu jifa ba. Amma daren da ya fi bayyana cutar shi ne na 6 ga Satumba a Baltimore. Yamamoto ya kai zagaye na tara, saura mutum ɗaya ya kammala wasa ba tare da an buga masa ko ɗaya mai kyau ba, Jackson Holliday ya tsallakar masa da ƙwallo. Ana 3 da 1 aka kira Treinen, sannan Tanner Scott, wanda aka saya dala miliyan 72 don ya riƙa rufe wasa. Ko wannan mutum ɗayan da ya rage ba su iya kora ba. Aka tashi 4 da 3. Scott ya ƙare kakar da zubar da wasa goma da aka miƙa masa ana kan gaba.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: tsautsayi ne ko shuka ce aka girba? A ganina duka biyun ne, amma shukar ta fi yawa, kuma shuka iri biyu ce.

Ta farko ta gasar ce gaba ɗaya. Hannun ɗan Adam ba a halicce shi don wurga abu daga saman kai da irin wannan ƙarfi sau ɗari a dare ba. A cikin gwiwar hannu akwai wata 'yar jijiya da ke riƙe ƙasusuwa biyu, kuma kowace jifa mai ƙarfi tana ja ta zuwa gab da iyakarta. A Disamban 2024 hukumar gasar ta fitar da rahoto bayan tattaunawa da masana fiye da 200, kuma abin da ta ɗora wa laifi shi ne tseren gudu da na murɗa ƙwallo. Matsakaicin gudun jifa miƙaƙƙiya ya tashi daga mil 91.3 a sa'a a 2008 zuwa 94.2 a 2024. Mil uku kamar ba komai ba, amma ma'anarsa ita ce an daina jifa da tanadi. A da, mai buɗewa kan ajiye ƙarfinsa sai ya shiga matsi. Yanzu ana son kowace jifa ta zama ta ƙarshe, domin kwamfuta na auna gudu da juyin kowace ƙwallo, kuma da waɗannan lambobin ake ɗaukar yaro aiki, da su ake yanka masa albashi. Ƙungiyar 'yan wasa, a bakin shugabanta na lokacin Tony Clark, ta nuna yatsa ga agogon da aka kawo a 2023, wanda ke tilasta jifa cikin daƙiƙa 15 in babu kowa a tasha. Hukuma ta musanta. Ni dai ina ganin agogon na iya ƙara gishiri, amma miyar ta daɗe a wuta kafin zuwansa.

Abin mamaki shi ne maganin ma a gidan Dodgers aka haife shi. A Satumban 1974 likitan ƙungiyar, Frank Jobe, ya ciro jijiya daga ɗaya hannun wani mai jifa, Tommy John, ya dasa masa a gwiwar da ta tsinke. John ya dawo a 1976 ya ƙara cin wasa 164 kafin ya yi ritaya a 1989, kuma har yau da sunansa ake kiran aikin. Tiyatar ta ceci ɗaruruwan mutane, amma ta kuma sauya lissafi: tsinkewar jijiya ta daina zama mutuwar sana'a, ta koma hutun shekara ɗaya da rabi. Abin da ake iya gyarawa kuwa ba a cika lallaɓa shi ba. Kafaɗa ce har yanzu ba ta da irin wannan tabbacin, shi ya sa jin kalmar a kan Snell, Glasnow da Sasaki cikin makonni shida ya kaɗa hantar magoya baya. Kocin masu jifansu ma, Mark Prior, ya san zafin abin a jikinsa. Yana cikin fitattun matasan gasar a 2003 da Cubs, ciwon kafaɗa ya raba shi da babbar gasa yana ɗan shekara 25.

Shuka ta biyu ta Dodgers ce ita kaɗai. Andrew Friedman, mai kula da sayen 'yan wasa, ba a ɓoye masa tarihin mutanen da ya saya ba. Snell sau biyu kacal ya taɓa haura zagaye 130 a kaka, shekarun nan biyu da ya ci lambar yabo. Glasnow bai taɓa wuce 134 ba, kuma ko gasar ƙarshe ta 2024 bai buga ba saboda gwiwar hannu. Wanda ya sayi doki ya san yana ɗingishi, ba zai ce an cuce shi ba ranar da ya ƙi tashi. Abin da suka saya ba juriya ba ce, kaifi ne. Lissafinsu, kamar yadda ayyukansu suka nuna, shi ne: muna da kuɗin da za mu tara mutum goma masu kaifi, mu san rabinsu za su kwanta, mu lallaɓa watanni shida da sanduna da yaran Oklahoma City, muddin huɗu za su miƙe a Oktoba. Sun ɗanɗana akasin haka a 2024, lokacin da suka ci kofi a kan Yankees da masu buɗewa uku tak, suna cike gurbi na huɗu da 'yan karɓa. Ba sa son maimaitawa.

Shi ya sa ba su yi gaggawa da kowa ba. Kershaw ya dawo 17 ga Mayu, ya kai kora da jifa ta 3,000 a rayuwarsa ranar 2 ga Yuli, ya riƙe musu layi da dabara maimakon ƙarfi. Ohtani ya hau tudu 16 ga Yuni ya yi zagaye ɗaya rak, aka riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan kamar mai koyon tafiya. Kuma da yake doka ba ta lissafa shi cikin goma sha ukun nan, kamar kyautar hannu ɗaya ce aka ba su. Glasnow ya dawo a Yuli, Snell sai a Agusta bayan wata huɗu. Suka ƙare da nasara 93 da rashin nasara 69, ƙasa da 98 ɗin 2024, nesa da 116 ɗin da aka yi ta zuzutawa.

A Oktoba sai kiɗa ya juya. Ɓangaren da ya hana su barci a Afrilu ya zama makaminsu, wanda ya ɗauke su a Afrilu kuma ya zama abin tsoro. A matakin kusa da na ƙarshe da Milwaukee Brewers, ƙungiyar da ta fi kowa nasara a kakar, Snell ya yi zagaye takwas, Yamamoto ya yi tara cif shi kaɗai, Ohtani ya kori goma da jifa ya kuma tsallakar da ƙwallo uku a dare guda. Maki huɗu Brewers ta ci a wasa huɗu. Sasaki kuwa ya dawo a ƙarshen Satumba da gudunsa, aka mayar da shi mai rufe wasa saboda babu wanda Roberts zai iya amincewa da shi, ya kuwa kori mutum tara a jere a wasan da suka fitar da Philadelphia Phillies.

Sai dai kada a mayar da wannan hujjar cewa tsarin ba shi da aibi. A wasa na bakwai na World Series, wato karawar ƙarshe ta ɗaukar kofi, ranar 1 ga Nuwamba a Toronto, saura mutum biyu Blue Jays ta ɗaga kofi lokacin da Rojas, mutumin nan da aka yi wa dariya a kan tudu a Afrilu, ya tsallakar da ƙwallon da ta farke. A rabi na biyu na zagayen kuma an kori mai gudun Toronto a tashar gida da ƙyar. Da ƙafarsa ta riga, da yau labarin da ake bayarwa shi ne na ƙungiyar da ta kashe abin da babu wanda ya kashe amma ta rasa wanda za ta miƙa wa ƙwallo a zagaye na takwas. Duba ma waɗanda Roberts ya kira a daren: Ohtani ya buɗe da hutun kwana uku, Glasnow ya shigo, Snell ya shigo, sannan Yamamoto, wanda ya yi jifa 96 kwana ɗaya kafin nan, ya karɓa ya kai su har zagaye na goma sha ɗaya aka tashi 5 da 4. Jarumta ce da ta ba shi lambar gwarzon gasar, ta kuma sa Dodgers ta zama ta farko da ta kare kambu tun Yankees ta 2000. Amma koci ba ya ɗora wa hannun dala miliyan 325 irin wannan kasada in yana da zaɓi.

Su kansu masu ƙungiyar sun gane haka. Shampen bai gama bushewa ba, a Disamban 2025, suka ɗauko Edwin Díaz daga New York Mets kan dala miliyan 69 na shekara uku, don ya yi aikin da suka biya Scott miliyan 72 ya yi shekara ɗaya kafin nan.